Mijin Iya a Cikin Na'ura

Gidan Sada, Bunkure
5 ga Sha'aban

Zuwa ga Gwaggo Saliha, sarauniyar ɗakin kati ta Ikko,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Mu nan lafiya lau, sai zafin da ya fara leƙowa da rana. Ƙanwata Ummi tana gaishe ki. Malam Uba liman yana gaishe ki. Akuyar Iya ma ta ce a gaishe ki, amma kada a faɗa miki ita ta cinye bakin zanen da kika aiko.

In kin manta da ni, Fatihu ne, jikan Iya Asta yayar mahaifiyarki, wanda kika ce ba zai yi hankali ba ko furfura ta cika masa kai. Na rubuto da ajami kamar kullum, tunda kunnenki ya ƙi waya tun ciwon nan da kika yi, ni kuma boko ya ƙi ni. Abdulrauf direba zai kawo miki tare da lodin tumatur. In kin ga ja a gefen takardar, ba jini ba ne.

To, amaryata Iya ta ji ciwo. Tana yanka tumatur na kauɗa a bakin kanal, ba takalmi kamar yadda ta saba, ta taka tsinken kwando. Ita ba ta ma ji ba, sai da Ummi ta ga sawun jini a tsakar gida. Na ce ai na san jarumar mata na aura. Yau sati biyu ke nan wurin bai rufe ba, babban yatsan ya yi duhu, kuma ya fara wari. Kin dai san tana da suga.

Ga abin da ya sa na neme ki. Bara mutane kashi biyu suka zo garin nan rajistar inshorar lafiya. Na farko da damina, na tsofaffi, suka ba ta koren kati. Na biyu bayan girbi, na marasa ƙarfi da matan da mazansu suka rasu, suka ba ta fari. Amarya ta naɗe su a leda ta tura cikin kwalla, tana taƙama ta fi duk tsofaffin unguwa, ita likita biyu gare ta.

Ranar Asabar na goya ta a babur zuwa ƙaramin asibiti. Na miƙa kore. Mai kati ta danna na'ura ta ce sunanta yana ɗaya shirin, ba a cin biyu. Na ce madalla, na miƙa fari. Ta danna ta ce wannan an dakatar da shi. Na ce to ta haɗa su biyun ta dama, ko rabin kati ya fito. Ba ta yi dariya ba. Sun dai wanke ciwon, suka rubuta magani mu saya a waje, alhali tsutsar sharon ta cinye min rabin lambu, abin da ya tsira kuma kasuwa ta karya shi.

Ke da kike kwana kina tashi cikin katunan mutane a asibitinku, ki faɗa min: wanne ne babba a cikin biyun, kuma ƙofar wa zan buga? Ki amsa da wuri kafin amarya ta ce na kasa riƙe ta.

Ɗanki mai hankali,
Fatihu

*

Ikko
23 ga Fabrairu

Ɗana Fatihu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara suna makaranta. Ka gaida Iya da Ummi da Malam Uba. Ka yi haƙuri da ajamina, hannun ya manta.

Takardarka ta zo tun kwana goma, na danne ta da gwangwanin shayi na bar ta. Ka san dalili. Bara kai ka rubuto min cewa Iya ta karye tana koyon tuƙin babur. Na kwana biyu ina kuka, na roƙi izini a wurin aiki, har na ɗaure kaya, sannan Abdulrauf ya ce ya bar ta tana sussukar shinkafa. Yanzu kuma ka zo min da akuya da amarya. Mai ba da labarin ciwo ba haka yake magana ba. In da gaske kake, ka sa Malam Uba ya sa hannu a ƙasan takarda ta gaba.

Duk da haka ga amsar, ko don ka daina damun ma'aikata. Tsarinku ba lallai ya zama irin namu ba, amma yawanci kusan ɗaya ne. Mutum yana iya cancantar shiri biyu, har uku, sai dai ɗaya ake bar masa. Irin koren nan na tsofaffi ya fi amfani a asibitin kusa: awon suga, ƙwayoyi, wankin ciwo. Irin farin kuwa, a inda na sani, shi ne mai takardar turawa babban asibiti idan abu ya fi ƙarfin ƙarami. Mai suga da ciwon ƙafa, fari take bukata. Kada ka yar da ko ɗaya. Ka ɗauki duka biyun da katinta na ɗan ƙasa, ku je ofishin da ya yi rajistar, ka ce a bar koren a rufe, a buɗe farin.

Abu ɗaya ne ya tsaya min. Ba a dakatar da kati haka kawai, sai an ga wani abu a bayanin mutum da bai dace ba. Iya ba ta buɗe baki gaban baƙin maza, na san ta, a ɗakinta na tashi. Wa ya amsa mata tambayoyi ran nan?

In kuma wasa ne, Allah ya shirye ka.

Gwaggonka,
Saliha

*

Gidan Sada
6 ga Ramadan

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ya azumi, ya ibada? Kowa lafiya ban da Iya. Dubi ƙasan takardar, ga hannun Malam Uba nan. Kwanakin da takardata ta yi a ƙarƙashin gwangwanin shayi, ƙafa ba ta zauna jira ba. Baƙin ya bar yatsa ya kai tsakiyar tafi. Ban ga laifinki ba, ni na koya miki ƙin yarda da ni.

Kin tambayi wanda ya amsa mata. Ni ne.

Ranar rajistar farin kati, a gindin darbejiyar firamare aka yi. Layin tsofaffi har bakin titi, wani saurayi ɗan birni yana zaune da na'ura kamar ƙaramin allo. Ya tambayi suna, ta ce Asta. Ya tambayi shekaru, ta ce shekarar da aka fara haƙa kanal tana goyon fari, ya rubuta saba'in. Sai ya ce, "Sunan mijinki?"

Iya ta ja mayafi ta dubi ƙasa. Kin san ta. Kakana yana raye ba ta taɓa kiran sunansa ba, ya rasu ma ba ta fara ba. Ko yaron maƙwabta aka sa wa Mudassiru, sai dai ta ce mai sunan Malam. Saurayin ya sake tambaya, ya kuma sakewa. Matan layi suka fara ƙus-ƙus. Ni kuma bakina ya yi ƙaiƙayi, na bugi ƙirji na ce, "Ga mijin nan a tsaye, Fatihu Sada, ango mai lambu!"

Iya ta kai min duka da mafici. "Tafi can, mijin da ko goro bai taɓa kawowa ba."

Wuri ya ɗauki dariya. Shi ma saurayin dariya yake, amma yatsansa bai daina tafiya ba. Ya ce in kawo katina na ɗan ƙasa, na ba shi, na ɗauka na ɗan rakiya ne. Wace tsohuwa ce a ƙasar nan jikanta ba ya ce mata matata? Ko a mafarki ban zaci za a rubuta ba.

Ranar Litinin na kai ta ofishin kamar yadda kika ce, ƙafar a naɗe da tsumma. Mutumin ya juyo min da fuskar na'ura ya karanta: Asta, matar Fatihu Sada, miji yana raye, yana da lambu a rajistar masu ban ruwa. Ke nan ita ba mijinta ne ya rasu ba, ba kuma marar ƙarfi ba ce. Su kuma masu kore sun ga sunanta a shirin fari, sun cire ta daga nasu.

Na ce, "Ranka ya daɗe, dube ta ka dube ni."

Ya ce, "Ni na gani. Na'ura ce ba ta gani ba."

"Wasan jika da kaka ne. A gidanku ba a yi?"

"Ana yi. Ba a gaban rajista ba."

Ya ce in ta faɗi sunan mijinta na gaskiya da bakinta a gabansa, muka kawo takardar mai unguwa, zai aika birni a gyara, amma fa abu ne na watanni. Ya juya wurinta. "Baba, ya sunan maigidan?"

Ta ce, "Malam."

"Malam wa?"

Ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Yaro, ɗaga ni mu tafi."

Na yi maza na faɗi sunan. Ya ce, "Bakinka ne ya ɓata na farko. Ba zan karɓi na biyu daga gare shi ba."

Har mun kai ƙofa ya kira ni gefe, ya ce don ya tausaya wa tsohuwa zai nuna min gajeriyar hanya. Na'urar ba ta da wurin da aka rubuta kuskure. Ƙofa biyu kawai miji yake fita ta cikinsu, rasuwa ko saki. Ya ce, "Ko ka mutu, ko ka sake ta."

Gwaggo, duk garin nan babu wanda ya kai ni son abin dariya, amma na tsaya ina kallonsa. Iya kuma ta ƙi ajiye azumi, ta ce ƙafa ce ke ciwo ba ciki ba. Me zan yi? Ki ba Abdulrauf amsa kafin ya juyo.

Fatihu

*

Ikko
12 ga Maris

Fatihu,

Salamu alaikum. Mu lafiya, ni dai tun da na karanta takardarka ban iya shan ruwa da daɗi ba. Faɗan da zan yi maka yana nan, na ajiye shi sai na ga idonka. Ni ma ina da nawa laifin, kwana goman nan ba za su bar ni ba.

Ka karanta da kyau. Kada ka rubuta sakin nan. Ranar da ka kai shi, ta tashi daga tsohuwar mai rajista ta koma sabuwa, sabon shiga kuwa sai ya yi jiran watanni kafin katinsa ya fara aiki. Wanda ya ba ka shawarar, aikinsa yake son ragewa.

Ka manta da kati gaba ɗaya. Baƙi a ƙafar mai suga ba ya jiran ofis. Ranar da takardar nan ta shiga hannunka, ko da ana kiran sallah ne, ka nemi mota ka kai ta babban asibiti a birni, ku shiga ta ƙofar gaggawa. Kada ka tsaya wurin masu kati, ka kwance tsumman a gaban nas ta farko da ka gani. Na sayar da keken ɗinkina, abin da aka ba ni na ɗinke shi cikin ƙyallen da ke tare da wannan takarda. A fara da shi.

Ka sa Malam Uba ya je da kansa ya ce mata ta ajiye azumi. Daga bakinsa za ta ji. Kada kuma kowa ya sake matsa mata ta faɗi sunan nan. Shi kaɗai ya rage mata da ba a taɓa ba.

Ka ce mata Salihanta tana gaishe ta, tana neman gafara.

Gwaggonka

*

Gidan Sada
24 ga Ramadan

Gwaggo,

Assalamu alaikum, da fatan kuna lafiya. Ba zan ce muna lafiya ba.

Kwana goma sha takwas ban ji daga gare ki ba. Abdulrauf bai dawo ba, wasu sun ce ya ɗauki wani lodin daga can ya wuce Fatakwal. Na sa an tura miki saƙo ta waya, shiru. Ko kin sake samo gwangwanin shayin ne? Wannan takardar wani direba na ba, ban ma san shi sosai ba.

Na jira sati, na ƙara rabi. Da na ga ba amsa, na bi shawarar mutumin ofis.

Na fara zuwa wurin Malam Uba ya zama shaida. Tun ina ƙarami a gabansa nake wanke allo, ya sha dukana a kan tsokana, amma ban taɓa ganin fuskarsa kamar ran nan ba. Ya ce, "Ba a sakin wadda ba a aura ba. In na sa hannu, na shaida an yi auren ke nan. Tashi ka ba ni wuri." Mai unguwa ne ya buga min hatimi, kansa a juye, kamar mai taɓa mushe. Mai buga takardu na bakin ofis ya mayar da ita boko, yana bugawa yana kiran abokansa su zo su ji. Ni Fatihu Sada na saki matata Asta saki ɗaya. Na dangwala yatsa.

Mutumin ofis ya karɓa, ya danna, ya ce an gama, yanzu ita bazawara ce marar ƙarfi, ta cancanta. Na ce alhamdulillahi, gobe sai birni. Ya ce a'a, sabuwar rajista ce, sai bayan kwana sittin kati zai fara aiki. Na ce me ya sa bai faɗa min tun farko ba? Ya ce ban tambaya ba.

Kafin in iso gida labari ya riga ni. A bakin kanal masu ban ruwa suna ɗaga min hannu, "Sannu da rabuwa, ango!" Irin abin da ni zan fara faɗa da a kan wani ya faɗo.

Na so ɓoye wa Iya, amma mata sun shigo yi mata jaje suna dariya. Da suka fita ta kira ni. Na zauna a bakin ƙofa ina jiran mafici. Ba ta ɗaga shi ba. Ta ce, "Shekara arba'in da bakwai na yi da Malam, ko sau ɗaya bai ce in tafi gidanmu ba. Sai da na tsufa aka ba ni takarda." Ta juya ta fuskanci bango. Tun ran nan in na shiga na gaishe ta, sai ta ce lafiya, kamar baƙo.

Baƙin ya kai idon sawu. Zazzaɓi yana zuwa mata da yamma, har ba ta san ta sha ruwa da rana ba. Ummi ta kira mai maganin gargajiya ya shafa wani garin itace, ƙudaje ne kawai suka ƙaru. A ƙaramin asibiti sun ce ya fi ƙarfinsu, a kai birni. Da me? Lambun ya ƙare, injin ban ruwan ma ba nawa ba ne balle in sayar. Ina ta lissafin ko ƙafar za ta kai kwana sittin.

Ki amsa min, ko da zagi ne.

Fatihu

*

Gidan Sada
15 ga Shawwal

Gwaggo Saliha,

Assalamu alaikum. Barka da sallah, ko da ta wuce. Da fatan ke da maigidan da yara kuna lafiya. Iya tana raye, zazzaɓin ya sauka, sugan ma ya sauka. Na fara da wannan don ki iya karanta sauran.

Takardarki ta zo ran uku ga sallah. Injin motar Abdulrauf ne ya buga a hanyar Lokoja, ya yi sati biyu da ɗoriya a gefen titi yana jiran kayan gyara, takardar da ƙyallen suna aljihunsa, ɗinkin ko zare bai tsinke ba. Da na karanta masa abin da ke ciki, ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Kada ki yi masa faɗa. Layin da kika ce kada in rubuta saki, na karanta shi har ya kusa gogewa.

A ranar na nemi mota. Na yi yadda kika ce, na wuce masu kati, na kwance tsumma a gaban nas ta farko. Ta toshe hanci ta kira likita da gudu. Ya duba, ya ɗago ya ce, "Ina kuke tun watan jiya?" Na fara ba shi labarin kore da fari, ya ɗaga min hannu. Ya ce da mun zo farkon azumi, yatsa biyu kawai zai cire. Washegari suka yanke daga ƙasan gwiwa. Keken ɗinkinki a can ya tafi, sauran kuma masu ban ruwa ne suka haɗa, waɗannan dai masu ce min ango. Farin kati zai fara aiki kafin babbar sallah, in ji su. Na tambaya ko yana ba da sandar dogarawa, an ce sai an duba.

Abin da ban sani ba, ashe ba sa riƙe ƙafar da aka yanke. Wani ma'aikaci ya fito da kwali a naɗe da leda ya ce, "Wa ke da Asta?" Na miƙe. Ya ɗora min a hannu. Ta fi yadda na zata nauyi. A kan cinyata ta dawo har gida.

Malam Uba ya ce ba a yi mata sallah, a dai naɗe ta da farin ƙyalle a rufe. Shi ya ba ni ƙyallen. Da hantsi na ɗauki fartanya na tafi gefen maƙabarta ni kaɗai. Ƙasar ta yi tauri, na daɗe ina haƙa.

Shekaranjiya aka sallamo Iya. Na ɗauko ta daga mota kamar yarinya na kwantar a gado. Na juya zan fita ta ce, "Fatihu." Na tsaya.

"An ce kai ka rufe ta."

Na ce ni ne.

"Ka yi zurfi?"

Na ce har kafaɗata.

Ta shafa zanen a wurin da ya kwanta babu komai a ƙarƙashinsa. Sannan ta ce, "To ka koma ka sa dutse a wurin. In sauran ya zo, kada a yi ta nema."

Na sa dutsen jiya.

In za ki zo, ki zo. Ba ta tambaye ki da baki ba, amma duk motar da ta tsaya a titi sai ta ɗaga kai. Allah ya sada mu.

Fatihu